Sista ta ce "put off", ni kuma na cire bandejin

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi shekaru ina aiki a gida Najeriya kafin bara na samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila. Na ci jarrabawar Turanci ta OET, na yi rajista da hukumar ma'aikatan jinyarsu ta NMC, saboda haka ban taɓa ɗaukar kaina a wadda ba ta jin Turanci ba. Makon jiya da safe sistar ɗakinmu, wato babbar nas ɗin da ke kanmu, ta ce mini, "Put off the dressing for bed four, the doctor's coming at ten." Sai na je na cire wa dattijon bandejin ƙafarsa, na rufa masa ƙyallen asibiti mai tsabta, ina jiran likita ya zo ya ga ciwon. Likita bai zo ba sai bayan azahar. Da sista ta gani ranta ya ɓaci, ta ce ita cewa ta yi in dakata da wankin ciwon, ba ta ce in buɗe shi ba. Aka cike takardar rahoto da sunana a ciki. Alhamdu lillahi ba abin da ya sami dattijon. Da za mu tashi ta dafa kafaɗata ta ce, "Don't let it put you off." Tun ranar barci ya gagare ni, don na ɗauka gargaɗi ne cewa abin zai iya sa a cire ni daga aiki. Shekaranjiya kuma a aikin dare na miƙa wa wata abokiyar aiki cincin, ta ce, "No thanks, nights put me off my food." Na rasa ko abincina take ƙyama. Yanzu ko magana ba na son yi a wurin aiki, duk abin da aka ce sai in gyaɗa kai. Maigidana ya ce in yi haƙuri, ni kuwa zuciyata ta karkata ga komawa gida. Anti, mece ce ma'anar wannan "put off" ɗin? Ko dai ni ce ban iya Turanci ba?

Ƙanwarki daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Yau dai ki kwanta ki yi barcinki, domin maganar da ta hana ki runtsawa lallashi ce. "Don't let it put you off" na nufin kada abin nan ya karya miki gwiwa, kada ya sa aikin ya fita daga ranki. Wanda ake so ya zauna shi ake faɗa wa haka, kuma ke da kanki kin ce har kafaɗarki ta dafa. Mai cincin ma ba da abincinki take ba. Ki sake duba maganar, "my food" ta ce. Aikin dare ne yake kashe mata sha'awar abinci, abin da duk wanda ya taɓa kwana a tsaye a kan marasa lafiya ya san shi.

Takardar rahoton ma kada ta tayar miki da hankali. A asibitocin NHS, wato na gwamnatin Birtaniya, ana cike irinta ga duk abin da ya kauce hanya, har wanda aka auna arziki bai taɓa kowa ba, domin a gano inda tsarin aiki ya yi rauni. Ta sha bamban da takardar tuhuma da muka sani a gida, wadda ake ba mutum a ce ya kare kansa cikin awa 24. Idan duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, ki sami manajar ɗakinku ki tambaye ta kai tsaye ko akwai wani abu da zai biyo baya. In kuma kina cikin ƙungiyar ma'aikata, RCN ko Unison, wakilinsu zai yi miki bayani.

To, mu zo ga kalmar.

Kuskurenki yana da asali, ba daga sama ya faɗo ba. A gida mun tashi muna jin "put off the light", "put off the generator", "put off your shoes". Hankali ma ya ɗauka: tunda "put on" sakawa ne ko kunnawa, ai "put off" sai ya zama cirewa ko kashewa. Kuma Turawan Ingila da kansu sun taɓa yin amfani da shi haka. A fassarar Baibul ta Turanci ta shekarar 1611, inda aka umarci Annabi Musa, alaihis salam, ya cire takalmansa a wuri mai tsarki, labarin da mu ma muka sani a Suratu Ɗaha, "put off" aka rubuta. Sai dai wannan ma'ana ta tsufa a can, ta fita daga bakin mutane. Yau in za su cire riga, takalmi, safar hannu ko bandeji, "take off" suke cewa. In fitila ce ko inji, "turn off" ko "switch off". Kina iya jin wani a arewacin nan da kike ya ce "put the light off", kuma za a gane shi, amma ba wanda zai ce miki "put off" yana nufin ki kware bandeji.

Ga kuma tarko na biyu a jimlar sista, wanda ban ga kin lura da shi ba. Kalmar "dressing" tana nufin bandejin kansa, tana kuma nufin aikin wanke ciwo da sake ɗaure shi. Ke kin ji ta farko, ita tana nufin ta biyu. Ta ƙara da cewa likita na zuwa ƙarfe goma, kuma kowace nas ta san likita yakan so ya ga ciwo a buɗe. Abin da kika fahimta ya yi daidai da hankalin aiki, shi ya sa ba ki yi shakka ba.

Hanyar da za ki riƙa rarrabe ma'anonin "put off" ita ce ki saurari abin da ya biyo bayansa: aiki ne, ko mutum?

Idan aiki ne, ko taro, ko wani abu mai lokaci, to jinkirtawa ake nufi, a ɗage shi zuwa gaba. "They've put off the operation until Monday", an ɗage tiyata sai Litinin. "He put off seeing his GP for months", ya yi watanni yana jan ƙafa bai je ya ga likitansa ba. Ki lura cewa in wani aikatau ya biyo baya, da "ing" yake ƙarewa, "seeing", "going", "telling". Wannan ita ce ma'anar da za ki fi ji, kuma ita sista ta nufa. A nan akwai wani bambanci da ya kamata ki riƙe da kyau, domin wata rana ke za a tura ki ki yi wa dangin mara lafiya bayani: "put off" an ɗage, za a yi nan gaba, "call off" an fasa. Matar da mijinta ya kwana da yunwa yana jiran tiyata, in kika ce mata "called off" alhali "put off" ne, kin jefa ta cikin tashin hankalin da ba dalili. Za ki kuma ji "put back", shi ma ɗagewa ne, da kishiyarsa "bring forward", a matso da abu kusa.

Idan kuwa mutum ne ya shiga tsakani, "put me off", "put him off", "put you off", to maganar ta bar lokaci ta koma kan zuciya, kuma kashi uku ce.

Mafi yawa, wani abu ne ya cire wa mutum sha'awa, ko ya sa masa ƙyama, ko ya sanyaya masa gwiwa. "The smell put me off", warin ya sa na kasa. "It put me off fish", tun daga nan kifi ya fita a raina. Daga nan suka samo sifar "off-putting", abin da ke korar rai, kamar mai karɓar baƙi da ba ta da fara'a. Maganar sista ta biyu da ta mai cincin duk a nan suke. Wannan ma'ana tana da nauyi a aikinki fiye da yadda za ki zata. Tsohuwa za ta ce miki, "These tablets have put me off my food." Ba hira take yi ba, tana shaida miki cewa maganin ya hana ta cin abinci, kuma abu ne da za ki rubuta a fayil, ki sanar da likita. Nas ɗin da ta yi murmushi ta wuce saboda ba ta gane ba, ta bar alamar ciwo a ƙasa.

Kashi na biyu, ɗauke hankali. Abokiyar aiki tana ƙirga ƙwayoyi kika yi mata magana, sai ta ce, "Don't put me off, I'm counting." Kada ki rikita ni, ƙirga nake yi. Ba faɗa ba ne.

Na uku shi ne je-ka-ka-dawo, a yi ta yi wa mutum yawo da hankali. "The landlord keeps putting me off", mai gidan haya kullum sai ya ce gobe. Sau da yawa za ki ji "keeps" a gabansa, shi ne alamarsa.

Ta fuskar nahawu abu kaɗan ne. Kina iya cewa "put off the meeting" ko "put the meeting off", duk ɗaya. Amma in "it" ne ko "them", dole su shiga tsakiya: "put it off". A ma'anar ɗagewa, "put off it" ba Turanci ba ne. Shi kuma "put" ba ya ɗaukar "ed" don nuna abin da ya wuce, jiya da yau da gobe duk "I put" ne, don haka daga sauran jimlar za ki gane lokacin.

Kin tambaya ko ke ce ba ki iya Turanci ba. Kin iya. Abin da ya faru shi ne Turanci hawa biyu ne, mu kuma makaranta ta fi ba mu na sama. Bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwararowa cikin harshen, suka zama na kotu, na coci, na littafi, na likitanci. Su ne "postpone", "discourage", "distract", "remove", "cancel". Da sista ta ce "postpone the dressing", da ko ɗar ba za ki yi ba. Amma a ƙasa tsoffin gajerun kalmomin nan suna nan, "put", "get", "take", "go", "come", ana liƙa musu "off", "up", "out", "on", kuma da su mutane ke magana a kicin, a bas, a bakin gadon asibiti. Wanda ya koyi harshen a aji ya fi sanin dogayen, wanda aka haifa a cikinsa ya fi amfani da gajerun, har yana ganin su ne masu sauƙi. Shi ya sa Bature in yana so ya sauƙaƙa miki magana sai ya ƙara wahalar da ke. Matsalar tsohuwa ce: Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, ya ambaci irin waɗannan kalmomi a matsayin abin da ya fi ba baƙi wahala a Turanci, saboda ma'anarsu takan yi nisa da ma'anar guntayen da aka haɗa.

Mu ma haka harshenmu yake, sabo ne ya hana mu gani. Ki ɗauki Baturen da aka koya wa cewa "ci" shi ne sa abinci a baki. Ya shigo Kano sai ya ji an ci amana, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci kasuwa, an ci mutunci, an ci shi tara, a ci gaba. Aka koya masa "kashe", sai ga kashe kuɗi, kashe aure, kashe wuta, kashe murya. Ba wanda zai ce masa daƙiƙi in ya ruɗe. Kuma ba ta haddace ma'anar "ci" zai fita ba, sai ya koyi "cin amana" a dunƙule, ya ji inda ake faɗarsa da fuskar mai faɗar. Haka za ki yi wa "put off" da 'yan'uwansa.

Amma ƙanwata, akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya fi bandejin tayar mini da hankali: kin ce yanzu duk abin da aka faɗa sai ki gyaɗa kai. Wannan ki daina shi daga aikinki na gaba. Na san inda ya samo asali. An rene mu a kan cewa ba a sa babba ya maimaita magana, kuma ga tsoron kada a ce baƙar fata ba ta jin Turanci. Kunya ado ce a gaban surukai, amma a ɗakin marasa lafiya tana iya cin rai. Wannan karon bandeji ne. Wata rana ƙarin ruwa ne, ko allurar insulin, ko maganin da aka ce a dakatar kafin tiyata. Kundin ƙa'idojin NMC da kika yi rajista a ƙarƙashinsa ya ɗora wa kowace nas nauyin yin magana a fili da tabbatar da cewa an fahimci juna, don haka tambaya tana cikin aikin da ake biyanki dominsa.

Ga yadda za ki yi. Duk umarnin da aka ba ki da baki, ki mayar wa mai shi, amma da kalmominki, kada ki yi amfani da nasa. Nan ne sirrin yake. Da kin ce wa sista, "Okay, I'll put off the dressing", da ta ce eh, kowa ya tafi da fahimtarsa, kuskuren yana nan daram. Da kuwa kin ce, "So you want me to take it off now?", nan take za ta ce a'a, ki bar shi. Ki riƙe jimla ɗaya a bakinki har ta zame miki jiki: "Just to check, do you mean...?" sannan ki faɗi abin da hannunki zai je ya yi. Turawan da aka haifa a can su ma suna yin haka a tiyata da ɗakin gaggawa, ana ma koyar da shi. Ba wanda zai raina ki a kai. Nas ɗin da ake tsoro ita ce mai cewa "yes" ga komai.

Ita ma sista tana da nata kason, kuma ina ganin ta sani, shi ya sa ta biyo ki da lallashi. Umarnin da ya shafi jikin mara lafiya bai kamata ya ɗauki fassara biyu ba. "Leave it on until the doctor comes" ya fi. Ki sami lokacin da ba cunkoso, ki gode mata da maganar da ta faɗa miki, ki gaya mata cewa a Turancin Najeriya "put off" cirewa ne ko kashewa, abin da kika ji ke nan. Ba neman gafara za ki je yi ba, bayani za ki kai mata, kuma zai amfane ta. Indiya da Filifin da Najeriya su ne kan gaba wajen ma'aikatan jinya 'yan ƙasashen waje a Birtaniya, kowa da irin Turancin da ya zo da shi, kuma ba ke ce ta ƙarshe da za ta tsaya a gabanta ba.

Tunda muna kai, ga wasu da nake so ki kiyaye, don suna cizo. "The alarm went off" na nufin ƙararrawa ta fara kuka, duk da "off" ɗin da ke ciki; in kuma madara ce ta "gone off", ta lalace. "Passed out" suma ne, ba kammala hidimar ƙasa ba kamar yadda muka saba ji, shi kuwa "passed away" rasuwa ne, kuma kin ga irin ɓarnar da musanya su za ta yi a waya da dangi. "Come round" farfaɗowa. "Bring up" da "throw up" amai. "He can't keep anything down", duk abin da ya ci sai ya dawo.

Kada ki je ki sauko da jerin ɗaruruwansu daga intanet ki ce za ki haddace, ba za su zauna ba. Ki sa ɗan ƙaramin littafi a aljihun rigar aiki. Duk wanda kika ji bai zauna miki ba, ki rubuta jimlar gaba ɗaya, da wanda ya faɗa, da abin da ya faru bayan nan, ban da sunan mara lafiya. In kin koma gida ki duba a ƙamus ɗin masu koyo, na Cambridge ko Oxford ko Longman, duk suna nan kyauta a waya kuma suna kawo misalai. Ki zaɓi abokiyar aiki ɗaya mai sakin fuska ki mai da ita malamarki. Mai cincin ɗin nan ma za ta yi, ki same ta da rana lokacin da cikinta ya buɗe. Rediyon BBC na garinku, inda mutanen gari ke bugo waya, zai saba wa kunnenki da irin maganar da tsofaffin ɗakinku ke yi fiye da labaran ƙarfe shida.

Batun komawa gida kuwa, ba zan ce miki kada ki koma ba. Sanyi, kewar iyaye, tarbiyyar yara, tsadar haya, duk dalilai ne da mutum zai zauna da maigidansa su auna, su yi istihara. Amma wannan abin da ya faru ba ya cikinsu, kuma ba a yanke irin wannan shawara da idon da ya yi mako bai yi barci ba. Ki kuma duba takardar kwantiraginki tukuna, domin da yawa akwai sharaɗin mayar da wani ɓangare na kuɗin da asibiti ya kashe wajen kawo ma'aikaci idan ya ajiye aiki da wuri, ga shi izinin zamanki yana rataye da aikin. Idan bayan wata uku zuciyarki tana nan a gida, ki sake rubuto mini mu yi maganar komawar ita kaɗai, da lissafinta.

Ki gaida maigida, ki ce na ce ya kyauta da ya tsaya miki. Allah Ya dafa miki.